Darasin Uwargida: Kula da Kayan Azurfa, Wankinsu da Adana Su

  A wannan fitowa akwati za mu buɗe, mu ciro ɗan ƙullin nan da ke can ƙasan kaya, wanda ba a tunawa da shi sai biki ko suna ya taso, wato 'yan kunne da sarƙa da zobba da awarwaron azurfa.

Da wuya ki shiga ɗakin matar aure ki rasa azurfa, ko da zobe ɗaya ne. Wata a lefe ta samu, wata tsarabar Makka ce, wata kuma gado ne daga uwa ko kaka. To amma sau da yawa ranar da aka tashi sakawa sai a tarar ta yi baƙi ƙirin kamar daga murhu aka ciro ta. Daga nan sai a yi ɗayan biyu: ko a ce ai jabu ce a miƙa wa yara su yi wasa, ko kuma a ɗauko toka da soson ƙarfe a dirje ta har sai ta yi fari. Duka biyun asara ce.

Abin da nake so ki riƙe daga wannan darasi shi ne, baƙin da azurfa take yi ba ya cinye ta. Abin da yake cinye ta mugun wanki ne. In kin iya ajiya, wankin ma ba zai yawaita ba. Kuma kada ki raina ta don ba gwal ba ce. A watan Oktoba na shekarar 2025 farashin oza ɗaya na azurfa, wato kimanin giram 31, ya haura dalar Amurka 50 a kasuwar duniya. Kin ga ke nan abin da ke cikin ƙullin nan kadara ce.

ME YA SA AZURFA TAKE YIN BAƘI?

Azurfa ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, wadda take cin ƙarfe har ya ruɓe ya huje. Abokiyar gabarta ita ce farar wuta, wadda wasu ke kira kibiritu. Akwai ɗan tururin farar wuta a cikin iskar da muke shaƙa, shi ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai idan ya yi yawa. Da zarar ya taɓa azurfa sai su haɗu su yi wata 'yar siririyar fata a samanta. Da farko za ki ga ta yi rawaya-rawaya, sai ruwan ƙasa, wani lokaci da ɗan shuɗi-shuɗi, daga ƙarshe ta yi baƙi. Danshi da zafi suna ƙara wa abin sauri, shi ya sa da damina kayan suka fi saurin dafewa.

Wannan fata a sama kawai take. Azurfarki tana nan lafiya lau a ƙarƙashi. Amma ki lura da wani abu: ita kanta baƙar fatar da azurfarki aka yi ta. Duk lokacin da kika kankare ta da ƙarfi, wani ɗan ɓangare na azurfar kika zubar a kwata. Yau kaɗan gobe kaɗan, sai zane ya shafe, sarƙa ta sirance ta tsinke.

Akwai kuma wata magana da ya kamata mu gyara a tsakaninmu. Za ki ji an ce zoben wance ya yi baƙi a hannunta dare ɗaya, lallai an yi mata wani abu, ko kuma mai sayarwa ya cuce ta. 'Yar uwa, a yi hattara da zato. Gumin mutane ya bambanta, haka man shafawarsu da sabulunsu da abin da hannunsu ke taɓawa. Mata biyu za su sayi zobe iri ɗaya a rana ɗaya, na ɗaya ya yi baƙi cikin mako, na ɗayar ya yi wata uku fes. Wannan ba hujja ba ce ta zargin abokiyar zama ko 'yar aiki ko maƙeri. Hasali ma, azurfa ta gaskiya ita ce take irin wannan baƙin.

KI SAN ABIN DA KE HANNUNKI

Kafin ki sa wa kowane abu ruwa, ki fara sanin ko wace iri ce, domin wankin da zai gyara wata shi zai kashe wata. Ki duba cikin zobe, ko kusa da maƙullin sarƙa, ko ƙafar ɗan kunne, za ki ga 'yan ƙananan lambobi. In idonki bai gani ba, ki ɗauki hoto da waya ki buɗa shi.

1. Mai lamba 925. Ita ce ta fi yawa a kasuwa. Ma'anarta, cikin kashi 1000 kashi 925 azurfa ce, saura 75 galibi jan ƙarfe ne. Ana gauraya ta ne domin zallar azurfa tana da taushi, ba ta jure yau da gobe. Za ki iya ganin 800 ko 900, su ma azurfa ce, sai dai gaurayen ya fi yawa. Mai 999 ita ce zalla, kuma ita ta fi saurin lanƙwasa.

2. Ƙirar gida. Aikin maƙeran fari namu, irin waɗanda ake samu a Kasuwar Kurmi ta Kano, da aikin maƙeran Buzaye na Agadas, tsofaffin da yawa ba su da lamba ko kaɗan. Rashin lamba ba ya nufin jabu. A da, maƙera kan narka tsofaffin kuɗin azurfa ne su yi mundaye da zobba. Akwai tsohuwar dalar nan mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Taresa, mai nauyin giram 28, wadda kashi 833 cikin 1000 nata azurfa ne. Akwai kuma sule da sisi da taro da Turawa suka fara bugawa don Afirka ta Yamma a 1913, waɗanda azurfa ne kafin a koma tagulla daga 1920. Idan kin gaji irin wannan dala, kada shekarar 1780 da ke jikinta ta ruɗe ki, duk wadda aka buga bayan nan ma wannan shekarar ake sa mata, har zuwa yau.

3. Mai ruwan azurfa. Wannan tagulla ce ko wani ƙarfe aka yi wa shafe a sama. Wani lokaci za ki ga haruffan EP ko EPNS a jiki. Shafen bai kai kaurin gashin kai ba, dirza kaɗan sai ja ko rawaya ya leƙo, kuma ba ya komawa sai an sake yi mata ruwa.

4. Mai kama da azurfa. Akwai farin ƙarfen da ake kira azurfar Jamus, wanda ko ɗigon azurfa babu a cikinsa, haɗin jan ƙarfe ne da nikel da zin. Nikel ɗin nan shi ne yake sa wa mata da yawa ƙaiƙayi da ƙuraje a kunne da wuya.

Idan kuma kin ga 750 a kan abu fari, wataƙila farin gwal ne, kada ki haɗa shi da azurfa a lissafi.

A gida za ki iya gwadawa da maganaɗisu. Azurfa ba ta bin maganaɗisu, don haka duk abin da ya manne ba ita ba ce, ban da ɗan maƙullin sarƙa da yake da waya a ciki. Amma rashin mannewa bai isa shaida ba, tunda tagulla ma ba ta mannewa. Ita ma lambar 925 'yan damfara suna bugawa. In abu mai nauyi ne da za ki zuba kuɗi a kai, ki kai wa amintaccen maƙeri ya goga a dutse ya gwada miki.

ABUBUWAN DA KE ƁATA TA A CIKIN GIDA

Yawancin abin da ke dafar da azurfa yana nan tare da mu daga kicin zuwa gaban madubi.

A kicin: ƙwai, musamman gwaiduwa, da albasa da tafarnuwa duk suna ɗauke da farar wuta. Gishiri ma yana cin ta. Sannan daka da tuƙin tuwo suna lanƙwasa zobe. Da yawa zoben da ya koma kamar ƙwai a yatsa, taɓarya ce ta mai da shi haka.

A wajen wanki: ruwan bilic irin su Jik da Hypo shi ne mafi muni. Yana iya mai da zobe baƙi ko toka-toka nan take, har ya yi masa 'yan ramuka. Safar hannu ta roba ma tana da farar wuta, don haka saka ta a kan zobe ba kariya ba ce.

A gaban madubi: turare da humra da man shafawa suna barin maiƙo da ke riƙe ƙura. Sabulu da man ƙuraje ko na ƙyasbi masu farar wuta, da wasu sabulan wanke kai na amosani, suna baƙanta azurfa da wuri. Wasu mayukan bilicin kuwa akwai zaiba a cikinsu, ita zaiba shiga jikin azurfa da gwal take yi ta ɓata su, ban da illar da take yi wa ƙoda da fatar mai shafawa. Ranar ƙunshi ko dayis ma a cire zobba.

A cikin ɗaki: robar ɗaure kuɗi, ulu, tsohuwar jarida, da hayaƙin risho ko na janareta. Haka kuma ɗakin da tagarsa ke kallon masai ko kwata, domin warin nan da kike ji shi ne ainihin tururin da muka ambata a sama.

Doka ɗaya za ta raba ki da rabin wannan wahala: azurfa ita ce ta ƙarshe wajen sakawa, ita ce ta farko wajen cirewa. Ki gama shafa mai, ki yi turarenki na wuta, ki fesa na fesawa, jiki ya sha, sannan ki saka. Kina dawowa daga unguwa, kafin ki shiga kicin, ki cire. Ruwan alwala ba ya yi mata komai, sai dai ki riƙa goge ta ta bushe, kada ruwa ya kwanta a ƙarƙashin zobe.

YADDA AKE WANKE TA

Wanki hawa uku ne. Kullum ki fara da na ƙasa, sai bai yi ba ki hau na gaba.

Hawa na farko: ruwa da sabulu

Sau da yawa abin da kike gani datti ne da maiƙo kawai. Ki samu ruwa mai ɗumi a roba, ki ɗiga sabulun ruwa na wanke kwanuka kaɗan. Ki jiƙa kayan kamar minti biyar. Ki sa tsohon buroshin haƙori mai laushi, irin na yara, ki bi lungu-lungu a hankali. Ki ɗauraye da ruwa mai tsabta a cikin wata robar, ba a bakin famfo ko rariya ba, don kada ɗan kunne ya bi ruwa. Sai ki tsane da ƙyallen auduga mai laushi, tsohuwar singileti mai tsabta ta wadatar. Ki shimfiɗa su su sha iska har su bushe sarai. Idan rawaya-rawaya ce kawai ta fara, wannan da ɗan gugar ƙyalle ya isa.

Hawa na biyu: foyil da bekin soda

Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da azurfar da ta yi baƙi sosai, musamman sarƙa mai ƙananan ido da ƙyalle ba ya shiga.

Kayan haɗi: takardar foyil irin ta naɗe kifi ko kaza wajen gashi, bekin soda, ruwan zafi, kwanon tangaran ko na gilashi, da cokalin katako. Ki lura, bekin soda aka ce, ba bekin foda na kek ba.

1. Ki fara wanke kayan da sabulu kamar yadda aka faɗa a sama, don maiƙo yana hana aikin ci.
2. Ki shimfiɗa foyil a cikin kwanon ya rufe ƙasansa.
3. Ki jera kayan a kai. Dole kowane ɗaya ya taɓa foyil ɗin, in bai taɓa ba ba zai fita ba.
4. Ki barbaɗa bekin soda, babban cokali ɗaya ga kowane kofi ɗaya na ruwa. Wasu kan ƙara ɗan gishiri, amma ba dole ba ne.
5. Ki zuba ruwan da ya tafasa aka sauke, ya sha kan kayan. Zai yi kumfa, don haka kada kwanon ya cika.
6. Ki bar shi minti biyu zuwa biyar, kina juyawa da cokalin katako. Za ki ji ɗan warin ƙwai, ki ga foyil ɗin yana dafewa. Ki yi a tsakar gida ko kusa da taga.
7. Ki tsame, ki ɗauraye sosai, ki tsane, ki goge da ƙyalle har ƙyallinta ya dawo. In da saura, ki sake da sabon foyil.

Abin da ke faruwa a cikin kwanon shi ne, farar wuta ta fi son sanholon da aka yi foyil da shi a kan azurfa. Ruwan soda mai zafi shi ne ya zama hanya, sai ta saki azurfar ta koma wajen foyil. Azurfar da ke cikin baƙar fatar nan kuma ta zauna a inda take. Shi ya sa wannan hanya ta fi dirza, ba ki kankare komai ba.

Idan babu foyil, tsohuwar tukunyar sanholo da aka daina girki da ita za ta yi, a kankare cikinta ya yi haske tukuna. Idan babu bekin soda, kanwa danginsa ce: ki jiƙa ta, ki bari ta kwanta, ki tace ruwan da ƙyalle sau biyu don kada yashi ya biyo, sannan ki ɗora shi ya yi zafi. Kada ki yi a tukunyar girkinki, zai dafar da ita.

Hawa na uku: ƙyallen guga ko maƙeri

Masu sayar da gwal da azurfa suna sayar da wani ƙyalle mai magani a jiki na goge azurfa. Yana da kyau wajen dawo da ƙyalli. A riƙa gogawa a miƙe, gaba da baya, ba a zagaye ba. Zai yi baƙi, haka yake, ba a wanke shi, in an wanke maganin ya tafi. Shi ma yana ɗan cin azurfa kaɗan, don haka ba na kullum ba ne.

Abin da ya karye, ko dutsensa yake motsi, ko ya sha bilic, wannan sai maƙeri. Kada ki liƙa da gam, yana wahalar da gyara daga baya.

GARIN NEMAN GIRA KADA A RASA IDO

Ga abubuwan da aka saba yi waɗanda ya kamata a bari:

Toka, yashi da soson ƙarfe. Azurfa tana da taushi ƙwarai, kaɗan ta fi farcenki tauri. Yashi ya fi ta tauri nesa ba kusa ba. Za ta yi fari a ranar, amma ta cika da ƙananan zane, kuma a cikin zanen nan datti zai riƙa zama, ta fi saurin yin baƙi fiye da da.

Makilin. Ana yawan ba da shawararsa, kuma yana fitar da baƙi, amma da ɗan gari mai kaifi da ke cikinsa yake kankarewa. A kan abu mai santsi ko mai ruwan azurfa ɓarna yake yi.

Lemun tsami da tsamiya. Sun fi amfani a kan tagulla. Ba sa cire baƙin farar wuta sosai, kuma suna cinye murjani da lu'ulu'u.

Ruwan tsomawa na kwalba. Yana aiki cikin daƙiƙa kaɗan, amma yana da ƙarfi, in an bar abu ya daɗe a ciki sai ya dushe. Guba ne kuma. In har za ki ajiye shi, ya zama inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma kada a juye shi a gorar lemo.

WAƊANDA BA A SA WA RUWAN ZAFI

Hanyar foyil ba ta kowane kaya ba ce. Ki ware waɗannan:

Masu duwatsu da tsakiya. Lu'ulu'u, murjani da shuɗin dutsen nan na zobba ba sa son zafi ko soda. Da yawan duwatsun 'yan kunne kuma da gam aka liƙa su, ruwan zafi zai sake su. Irin waɗannan a jiƙa ƙyalle a matse, a goge azurfar a kewaye dutsen.

Masu baƙin ado. Ki dubi abin wuyan Agadas ko tsofaffin mundaye masu zane, za ki ga cikin zanen baƙi ne, saman kuma fari. Da gangan maƙeri ya bar shi haka don zanen ya fito. In kika tsoma a ruwan foyil, duk zai yi fari fat, kyan ya tafi. Wasu kuma an dasa musu baƙin katako ko fata, ruwa yana kumbura su. Saman kawai za ki goge da ƙyalle.

Masu ruwan azurfa, da sababbin kayan waje masu ƙyalli kamar madubi. Da yawansu an yi musu wani siririn shafe a sama don hana baƙi. Ruwa da sabulu da ƙyalle mai laushi kawai suke so.

Tsofaffin kuɗi. Idan dala ce ko sule da ba a huda ba, ki bar ta yadda take. Masu tara tsofaffin kuɗi sun fi daraja wadda ba a goge ba.

AJIYA, INDA AIKIN YAKE

Rigakafi ya fi magani. Tunda iska da danshi ne ke kawo baƙi, ajiya ita ce raba azurfa da su.

1. Kada ki ajiye da gumi a jiki. Duk sanda kika cire, ki goge da busasshen ƙyalle. Minti ɗaya ne.
2. Kowane abu da gidansa. Ki samu 'yan ƙananan ledoji masu zif, irin waɗanda ake zuba ƙwayar magani, sababbi. Ki naɗe abu a ɗan ƙyallen auduga, ki sa a ciki, ki matse iskar ta fita, ki rufe. In aka tara su wuri ɗaya suna gogar juna, kuma dutsen wannan yana zana wancan.
3. Sarƙa a rufe maƙullinta kafin a ajiye, a bar ɗan bakinta a wajen zif, ba za ta harɗe ba. In ta riga ta harɗe, a shimfiɗa ta a faranti a warware da allura biyu, kada a ja.
4. Ki zuba ledojin a gwangwani ko roba mai murfi. Ki jefa 'yar jakar nan mai ƙwayoyi da ake samu a kwalin sabon takalmi ko jaka, tana shanye danshi. In babu, guntun allin makaranta ko ɗan gawayi a ƙulle cikin ƙyalle. A riƙa canzawa bayan 'yan watanni, musamman da damina. Jakar nan kuma a kiyaye ta daga yara.
5. Kada a ɗaure da robar kuɗi, kada a naɗe a jarida ko ulu. Roba takan bar baƙin layi mai wuyar fita.
6. Kada a ajiye a banɗaki, ko kicin, ko cikin durowar da kike tara turare da humra.
7. Da hunturu ƙura ce matsala. Ƙurar nan garin yashi ce, in kika goge ta a bushe da ƙarfi za ta yi zane. Ki ɗauraye tukuna sannan ki goge.

Wanda ake sakawa kullum bai cika yin baƙi ba, domin gogar tufafi da wanke hannu suna share shi tun bai kama ba. Na ajiya shi ya fi buƙatar kulawa. Duk wadda za ta daɗe ba ta saka ado ba, kamar mai doguwar tafiya ko mai takaba, ta wanke su, su bushe, ta rufe yadda aka faɗa. Awarwaro mai buɗaɗɗen baki kuma a daina buɗe shi ana matsewa kullum, wurin lanƙwasar yana yin tauri ya tsage. A zura shi ta gefen wuyan hannu inda ya fi siranta.

KI SAN NAUYIN KAYANKI

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ki kai azurfarki a auna miki a sikelin masu gwal, kowane abu daban, ki rubuta giram nawa ne a ɗan littafi, ki ɗauki hotonsa, ki haɗa da rasit in akwai. Ranar da za ki ba da gyara, a auna a gabanki, ranar karɓa ma a auna. Wanki da gyaran maƙulli ba sa rage nauyin da za a lura da shi. Haka in kin ba da aro don biki, kin san abin da ya fita da abin da ya dawo, ba sai an yi ta jayayya da 'yar uwa ba. In ɗan kunne ne, a wanke da sabulu kafin a mayar kunne. Wannan rubutu kuma zai sauƙaƙa wa magada ranar da ba ma nan, a san wanne ne naki, wanne ne amana aka ba ki.

Sanin nauyi yana da wani amfanin, wato zakka. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595, abin fitarwa kuma ɗaya cikin arba'in bayan shekara ta zagayo. Misali, mai giram 600 za ta fitar da giram 15 ko kuɗinsu. A mazhabar Malikiyya, kayan adon da mace take sakawa babu zakka a kansu. Amma wanda aka saya don kasuwanci, ko aka ajiye don ɓacin rana, ko ya farfashe har ba ya gyaruwa sai an narka, wannan yana shiga lissafi, kuma ana haɗa shi da gwal wajen cika nisabi. Malaman Hanafiyya kuwa suna ganin a fitar ko da na sakawa ne. In kayanki sun kusa wannan nauyi, ki kai wa malami lissafinki ya duba miki.

Sai batun musanya, wanda mata da yawa ke faɗawa ba da sani ba. Ba a ba da tsohuwar azurfa a karɓi sabuwa wadda nauyinsu ya bambanta a yi ciko, domin azurfa da azurfa sai nauyi ɗaya, hannu da hannu. Mafita mai sauƙi ce: ki sayar da tsohuwar, ki karɓi kuɗinki, sannan ki sayi sabuwar. Kuma kafin ki yanke shawarar rabuwa da ita don ta yi baƙi, ki gwada mata kwanon foyil tukuna. Da yawa abin da ake kaiwa kasuwa a karyar, wankin minti biyar kawai yake nema.

AIKIN GIDA

A wannan mako ki ware awa ɗaya bayan yara sun tafi makaranta. Ki zazzage ƙullin a kan farin ƙyalle, ki raba shi uku: zallar azurfa marar dutse, masu dutse ko baƙin ado, da masu ruwan azurfa. Ki wanke kowane kashi da irin wankinsa, ki cire duk wata roba da jarida, ki sa kowanne a ledarsa. In kina da 'ya mace da ta tasa, ki zaunar da ita ta gani, tunda wata rana hannunta za su koma. Zoben maigida na azurfa ma a karɓa a haɗa da shi.

Allah ya sa albarka a cikin abin da muka mallaka, ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalamu alaikum.